Allon shafa ko maɓallai: abin dubawa kafin ka zaɓi kyamara

Duk wanda ya saba da wayar zamani, in ka miƙa masa kyamara, abu na farko da zai yi shi ne ya ɗora yatsa a kan allonta. Na sha ganin haka. Zai shafa hagu ya shafa dama, ya haɗa yatsu biyu ya ware yana son hoton ya girma, in allon ya ƙi motsi sai ya ɗago kai ya tambaye ka ko ta lalace ne. Hannuwanmu sun koyi wannan tun da iPhone ta fito a 2007 sauran wayoyi suka bi sahu. Shi ya sa mai shirin sayen kyamara a yau yakan sa allon shafa cikin sharuɗɗansa na farko, wani ma kafin ya yi tambaya a kan lens, wato gilashin gaban kyamara, ko batir. A gefe guda kuma akwai tsofaffin hannu a sana'ar da allon bai ishe su kallo ba, da sun sayi sabuwar kyamara sai su shiga menu su kashe shi. Na yi aiki da iri biyun, kuma kowane ɓangare yana da hujjarsa. Sai dai a ganina tambayar ce ba a yin ta daidai. Kusan kowace sabuwar kyamara yanzu tana da allon shafa. Abin da ya raba su shi ne me masu ƙera ta suka cire don su ba allon wuri, da kuma iyakar abin da suka bari ka yi da shi.

Allon shafa ya makara wajen shiga manyan kyamarori. A cikin waɗanda ake canja wa lens, Panasonic ce ta fara da Lumix G2 a 2010. A cikin masu madubi, waɗanda ake kira DSLR, Canon EOS 650D ta 2012 ce ta buɗe ƙofa, Nikon kuwa sai a 2015 ta bi baya da D5500. Sony ta fi kowa jan ƙafa a manyan kyamarorinta. Shahararriyar a6000 ta 2014 ba ta da shi sam, sai a6500 ta 2016 ta zo da shi. Ita a7 III ta 2018, wadda har yanzu take hannun mutane da yawa, allonta yana jin yatsa amma aikinsa bai wuce zaɓen wurin fokas, wato inda zai fito tar a hoton, da ɗan abin da ba a rasa ba, menu kam sai da maɓalli. Sai a 2020, da a7S III ta fito da sabon tsarin menu, aka iya bin komai da yatsa. Na kawo waɗannan shekarun ne saboda mai sayen kyamarar da aka taɓa amfani da ita. In aka ce maka tana da allon shafa, ba a gaya maka komai ba tukuna. Ka tambaya: ana shiga menu da shi? Ana canja saiti da shi? Ko fokas kawai yake yi?

Allon ma kansa iri biyu ne. Na da, irin na G2, shimfiɗa biyu ne siririya a kan juna, sai ka danna sun haɗu sannan ya san inda ka taɓa. Bai damu da abin da ya danna shi ba, farce ne ko tsinke ko yatsa cikin safa, amma yana da nauyin ji kuma ba ya gane yatsu biyu a lokaci guda. Na yanzu irin na waya ne. Ba dannawa yake ji ba, ɗan canjin lantarki yake ji idan fatar mutum ta kusanci gilashin. Daga wannan halin nasa duk daɗinsa ya fito, saurin amsawa da ware yatsu da sauransu, kuma daga nan ne mafi yawan matsalolinsa suka fito, kamar yadda za mu gani.

Babban amfaninsa, wanda shi kaɗai ya isa a saya dominsa, shi ne nuna wa kyamara inda kake so ta yi fokas. A da wannan ba wani aiki ba ne mai yawa, domin wuraren fokas ɗin ba su da yawa. Canon 650D tara take da su a maleƙarta, wato ɗan gilashin da ake leƙawa da ido, da dannawa biyu ko uku ka isa kowanne. Amma a7 III tana da 693 a warwatse kusan ko'ina a fuskar hoton. Ka kwatanta mutum yana so ya tashi daga kusurwar hagu ta sama zuwa ta dama ta ƙasa yana danna maɓalli ɗaya bayan ɗaya. Kafin ya isa, abin da yake son ɗauka ya tashi. Da allon shafa kuwa nuni ɗaya ne. Ga mutane biyar a tsaye, kana son fuskar ta huɗu ta fito tar sauran su ɗan dushe, sai ka taɓa fuskarta, shi ke nan. Ga fure, ga ƙudan zuma a gefensa, ka taɓa ƙudan. Babu maɓallin da aka taɓa ƙerawa da ya kai wannan sauƙi, domin abin da mutum yake yi tun yana yaro ke nan, ya ga abu ya nuna shi da yatsa.

Wannan ya fi armashi idan kyamarar ba ta a fuskarka. Idan ka kafa ta a kan mai ƙafa uku kana ɗaukar kayan talla ko gini ko shimfiɗar ƙasa, kana tsaye ne a bayanta kana kallon allon, hannuwanka biyu a sake. Ka taɓa nan, ka girmama ka duba, ka taɓa can. Haka idan ka sauke ta har ƙasa ka ɗago allon don ka ɗauki yaro yana rarrafe daidai tsayin idonsa, ko ka ɗaga ta sama da kawunan jama'a. A irin waɗannan wurare yatsunka ba sa zaune a inda suka saba, maɓallan sun juya maka baya, allon ne kaɗai yake kallon ka. Abu ɗaya da zan ja kunne a kai: yawancin kyamarori suna ba da damar taɓa allo ta yi fokas ta ɗauka nan take. A hannu da hasken rana ba laifi. A kan mai ƙafa uku da dare kuwa, inda ɗauka ɗaya kan ci daƙiƙa guda ko fiye, wannan taɓawar tana girgiza ta. Ka haɗa da jinkirin daƙiƙa biyu, sai ka janye hannu kafin ta ɗauka.

Masu bidiyo su ne suka fi kowa cin moriyarsa. Tun da Canon ta fito da EOS 70D a 2013 da tsarin fokas da ta kira Dual Pixel, mutum ɗaya yake iya yin abin da a da sai an ware masa ma'aikaci na musamman a wurin ɗaukar fim. Kana ɗaukar mutum biyu suna hira, ɗaya kusa ɗaya nesa, na nesa ya fara magana, ka taɓa fuskarsa a hankali, fokas ɗin ya zame daga wannan zuwa wancan ba tare da tsalle ba. Sannan ga shiru. Maɓalli yana ƙas, abin murzawa yana ƙar-ƙar, kuma makirfon da ke jikin kyamara ba ya yafe ko ɗaya, duk za ka ji su idan ka zo tacewa. Yatsa a kan gilashi ba ya ƙara. Wanda kuma yake ɗaukar kansa, ya juyo da allon yana fuskantarsa, duk maɓallan suna can bayan kyamara inda ba ya ganin su. In allon ba ya jin yatsa, kowane ɗan gyara sai ya tashi ya zagaya. Ba mamaki da kamfanin Blackmagic ya sa allo mai inci 5 a Pocket Cinema Camera 4K ta 2018 ya gina kusan duk sarrafa ta a kansa.

Sauran amfanin ƙanana ne amma kullum ana cin karo da su. Duba hotuna bayan ɗauka: ka taɓa ido sau biyu ya girma, ka ga ko ya fito ko bai fito ba, ka shafa ka wuce. Rubuta kalmar sirrin wayfai ko sunanka a cikin kyamara, wanda da maɓallin kibau aiki ne mai cin rai. Ga sabon shiga kuma, allon yana rage fargaba. Ya ga lambar ISO, wadda ke nuna ƙarfin jin haske na kyamara, a rubuce, ya taɓa ta, ta buɗe, ya ja, ya ga hoton ya yi haske a gabansa. Na ga mutanen da suka fahimci alaƙar haske da saurin ɗauka ta wannan hanya cikin yini ɗaya, abin da bayanin baki bai shigar musu ba.

To ina matsalar take? Tushenta ɗaya ne: allon shafa ba ya aiki sai da ido. Gilashi sumul yake, ko'ina iri ɗaya, yatsa ba shi da abin da zai lalubo. Dole ka kalla kafin ka taɓa, ka sake kallo ka tabbata ya amsa. Maɓalli kuwa yana da wurinsa da tudunsa da yadda yake nutsewa, kuma bayan 'yan makonni yatsa yana haddace shi kamar yadda ƙafar direba ta haddace birki. Mai ɗaukar wasan ƙwallo idonsa yana cikin maleƙa, ɗan wasa ya fito daga inuwa ya shiga rana, babban yatsansa ya murza sau uku, ya san ya rage haske da mataki guda cur, domin a yawancin kyamarori kowace murzawa sulusin mataki ce. Bai ɗaga ido ba, bai rasa komai ba. Da a allo zai yi wannan, sai ya sauke kyamarar daga fuska, ya nemo wurin, ya taɓa, ya ja, ya mayar da ita, ya sake neman ɗan wasan. Daƙiƙa uku ko huɗu ne kawai, amma a irin wannan aiki hoton yakan zo ne ya wuce cikin ƙasa da ɗaya.

Ido guda ne ke da aiki biyu a nan, kuma ba zai yi su tare ba. Duk lokacin da yake kan saiti, ba ya kan abin da kake ɗauka. Wannan ne ya sa nake ganin ƙorafin tsofaffin hannu ba taurin kai ba ne. Sun san darajar hannun da yake aiki shi kaɗai ya bar ido ya yi nasa.

Akwai kuma batun riƙo, wanda ba a cika faɗa ba. Idan kyamara tana manne da fuska, wuri uku ne ke tallabe da ita: hannu biyu da goshi, ga gwiwar hannu a matse da haƙarƙari. Idan za ka yi aiki da allo, sai ka miƙa ta gaba, ka kuma saki hannu ɗaya don ya yi taɓawa. Da ƙaramin lens da rana babu wanda zai lura. Ka ɗaura mai tsawon milimita 200 ko 400 ka gwada, za ka ga hoton yana rawa a allon, hannunka na hagu kuma ya fara gajiya kafin minti guda. Na'urar rage girgiza da ke cikin kyamarorin yanzu tana taimakawa sosai, amma ba ta ɗauke maka nauyin.

Sai rana. Kowane allo yana wahalar gani a tsakiyar rana, na shafa ne ko ba na shafa ba. Bambancin shi ne na shafa kullum yana ɗauke da maiƙon yatsu, kuma maiƙon nan yana kama haske ya mayar da allon kamar an shafa masa hazo. Ga shi kuma abin da ba ka gani ba, ba za ka iya taɓa shi daidai ba. Kyamarar da saitinta duk a allo yake, a irin wannan lokaci sai ka koma neman inuwa ko ka yi rumfa da tafin hannu. Mai maɓallai da maleƙa ko a jikinsa.

Ruwa ya fi rana ɓarna. Tunda allon canjin lantarki yake ji, ɗigon ruwa yana ruɗa shi. Yayyafi ko gumi ko fantsalin teku, ko dai ya ƙi jin yatsanka ko ya riƙa jin yatsun da babu su. A ƙarƙashin ruwa kuwa ba ya aiki kwata-kwata. GoPro Hero5 Black ta 2016 tana shiga ruwa har mita 10 ba tare da riga ba, amma da ta nutse allonta ya tashi daga aiki, sai maɓallai. Jerin Tough TG na Olympus, da aka yi musamman don ruwa da faɗuwa da sanyi, TG-6 ba a ma sa mata allon shafa ba. Haka safar hannu. Mai aiki cikin tsananin sanyi ko a wurin da doka ta tilasta sa safa, allon ba ya jin sa sai ya cire ko ya nemi safa ta musamman mai zaren da ke ɗaukar lantarki a bakin yatsu. Wasu kyamarorin Canon suna da saitin ƙara wa allon ji, yana taimakawa da siririyar safa ko idan an manna gilashin kariya, amma ba da mai kauri ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne taɓawar da ban yi ba. Wata rana ina ɗaukar wani taro, kyamara tana rataye a wuyana a kunne, allon yana gogar rigata da na jiƙe da gumi. Ban sani ba ashe wurin fokas ya tashi daga tsakiya ya koma can kusurwar ƙasa ta hagu. Mai jawabi ya miƙe, na ɗaga na ɗauki hotuna a jere, ina kallon fuskarsa ban lura da ɗan akwatin fokas da ke lafe a gefe ba. Da na zauna dubawa sai na tarar bayan wata kujera ce ta fito tar, fuskar mutumin duk ta dushe, kuma wannan lokacin ba ya dawowa. Tun daga ranar nake duba inda ɗan akwatin nan yake kafin in danna, kuma ba na yarda da kyamarar da ba ta da hanyar kashe allon cikin sauri. Hanyar da take binne a shafi na biyar na menu ba hanya ba ce. Ana son wadda za a iya ɗora wa maɓalli guda.

Hanci ma yana wannan aika-aika. Kamfanoni sun ƙirƙiro wata dabara mai kyau: idonka yana cikin maleƙa, allon ya mutu, amma yana jin babban yatsanka, kana jan wurin fokas kamar yadda ake jan kibiya a kwamfutar hannu. Panasonic ta daɗe da ita, Canon da Sony da sauran ma suna da tasu. Idan ta zauna maka tana da daɗi ƙwarai, har ta fi ɗan sandan fokas, wato ƙaramin maɓallin da ake turawa da yatsa ta kowane gefe, sauri. Amma wanda yake leƙawa da idon hagu, hancinsa a tsakiyar allon yake sauka, sai fokas ɗin ya riƙa yawo yana bin hanci. Maganin yana cikin menu a yawancinsu. Ka taƙaita wurin da ke ji zuwa rabin dama ko kusurwa ɗaya, ka kuma zaɓi yanayin da fokas yake bin jan yatsa daga inda yake, ba ya tsallaka zuwa inda aka taɓa ba. Mai idon hagu ya tabbata kyamarar tana da waɗannan saituna biyu kafin ya biya kuɗi, domin ba duka ke da su ba.

Girman allon shi ma abin lura ne. Yawancin kyamarori inci 3 ne ko da ɗoriya kaɗan, wayar da ke aljihunka kuwa ta kai 6 ko ta wuce. Menu da aka tsara tun asali don maɓalli, aka zo daga baya aka ce a taɓa shi, layukansa sirara ne a cunkushe, mai kaurin yatsa yakan taɓa na sama yana nufin na ƙasa. A nan Canon da Panasonic sun daɗe da yin kyau, Hasselblad ma da X1D ta 2016 ta tsara nata da manyan alamomi tun farko.

Akwai zargi ɗaya da nake so in wanke allon shafa daga gare shi, wato cin batir. Shimfiɗar da ke jin yatsa wutar da take ci kaɗan ce. Abin da ke shan batir shi ne hasken allon da na'urar ɗaukar hoto da ke kunne koyaushe. A kyamarori marasa madubi ma, sau da yawa maleƙar lantarki ta fi allon ci. Alƙaluman a7 III bisa ma'aunin CIPA, ƙungiyar masu ƙera kyamara ta Japan, sun nuna hoto 710 da allo, 610 da maleƙa. Inda maganar take da gaskiya shi ne a DSLR, domin maleƙarta ta gilashi ce da madubi, ba ta cin wuta, don haka wanda ya bar ta ya koma aiki da allo saboda daɗin taɓawa zai ga batirinsa yana ƙarewa da wuri sosai. Batun fashewa kuma, allon shafa bai fi wani saurin fashewa ba. Bambancin yana ga abin da zai biyo baya: mai maɓallai da maleƙa zai iya gama aikin ranar da fasasshen allo, wanda komai nasa yake a allo kuwa ya tashi ke nan.

Kamfanonin da kansu sun gwada iyakar abin ta kowane ɓangare, kuma abin da ya faru da gwaje-gwajensu ya fi kowace muhawara bayani. Samsung ta fito da Galaxy Camera a 2012, bayanta duk allo ne mai inci 4.8, Android ce a ciki kamar waya. Leica T ta 2014 allo ne mai inci 3.7 da abin murzawa biyu a sama, bayanta babu maɓalli. Kyawawa ne a ido, amma ba su zama hanyar da sauran suka bi ba. Fujifilm ta cire maɓallan kibau a X-E3 ta 2017 ta maye gurbinsu da shafa sama da ƙasa da hagu da dama, sai dai ta bar ɗan sandan fokas. Darasin da ya fi fitowa fili na Canon ne. EOS R ta 2018, kyamararta ta farko marar madubi mai cikakkiyar na'urar ɗauka, wato mai girman fim na milimita 35, ba ta da ɗan sanda, an bar wa allo aikin fokas, an kuma ƙara wani siririn layin shafa kusa da maleƙa. Masu amfani suka yi ta kuka da shi saboda babban yatsa yana taɓa shi ba da niyya ba. Da R5 da R6 suka fito a 2020, layin ya ɓace, ɗan sandan ya dawo, allon shafa kuma yana nan da cikakken aikinsa. A ɗaya ƙarshen, Leica M-D ta 2016 ba ta da allo ko kaɗan, Fujifilm X-Pro3 ta 2019 kuma ta ɓoye nata yana fuskantar ciki sai ka buɗe. Waɗannan suna da masoyansu na gaske, amma 'yan kaɗan ne. Inda mafi yawan kyamarorin aiki suka tsaya shi ne a haɗa biyun, kowane abu mai muhimmanci a iya yin sa ta hanya biyu.

Wani abu kuma ya canja lissafin a 'yan shekarun nan. Kyamarori yanzu suna gane fuska da ido da kansu, wasu har dabba da tsuntsu da mota, su kama su riƙa bi. Wannan ya rage yawan jan wurin fokas da hannu, ko da allo ko da sanda. Amma bai kashe amfanin allon ba, ya dai canja shi. Idan fuskoki goma ne a gabanka, kyamara ba ta san wacce ka zo dominta ba. Taɓawa ɗaya ta gaya mata, ita kuma ta ci gaba da bin wannan mutum duk inda ya juya.

Saboda haka in ka tambaye ni wacce za ka ɗauka, zan fara tambayar ka ina idonka yake zama lokacin da kake aiki. In bidiyo kake yi, ko kana ɗaukar kanka, ko yawancin aikinka a kan mai ƙafa uku yake, ko kuwa daga waya ka taso kana son hotunan iyali da tafiye-tafiye su fi kyau, idonka a allo yake dama. Nemi allon shafa cikakke, mai shiga menu, mai juyawa, kuma kada ka yarda da rabi. Kyamarar da ba ta da shi za ta riƙa gajiyar da kai kullum, kyamarar da ke gajiyar da mutum kuma a jaka take ƙarewa. In kuwa wasanni kake ɗauka, ko namun daji da tsuntsaye, ko labarai da taruka inda abu ke faruwa sau ɗaya, ko kana aiki cikin ruwan sama da sanyi, idonka a maleƙa yake. Kuɗinka ya tafi ga abin murzawa biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, da ɗan sandan fokas, da maɓallan da za ka iya ɗora wa aikin da kake so. Allon shafa a wurinka ƙari ne mai daɗi don duba hotuna, kuma rashinsa bai kai ya hana ka sayen tsohuwar kyamara mai kyau ba.

Wanda nake ji wa tsoro shi ne na tsakiya, mai sayen ƙaramar kyamara mai sauƙin kuɗi yana da niyyar ƙwarewa. A wannan rukuni ne ake yawan cire abin murzawa na biyu da ɗan sanda, wani lokaci har da maleƙa, a ce allo ya wadatar. Watannin farko ba zai ji rashin komai ba. Ranar da ya fara sarrafa saurin ɗauka da buɗewar lens da kansa, ya ga ɗaya yana ƙarƙashin yatsansa ɗayan kuma sai ya shiga allo, a ranar zai gane abin da aka cire masa. In kyamarori biyu suna gabansa kuɗinsu ɗaya, wannan allonta ya fi kyau, waccan kuma tana da abin murzawa biyu da maleƙa da allon shafa ko da mai sauƙi ne, ni ta biyun zan nuna masa.

Kafin ka biya, ka riƙe ta a hannu ka yi mata gwaji na minti biyar. Ɗora ta a ido, ka canja ISO da saurin ɗauka da wurin fokas ba tare da ka sauke ta ba, ka ga ko yatsunka sun iso ko'ina. Sauke ta, ka yi waɗannan ukun da allo kaɗai, ka ƙirga taɓawa nawa kowanne ya ci. Leƙa da idon da ka saba, ka lura ko hancinka yana motsa fokas. Ɗan jiƙa yatsa ka shafa ka ga yadda za ta yi. Fita da ita inda rana take ka karanta ƙananan rubutun da ke gefen allon. Daga ƙarshe ka nemi inda ake kashe shafar gaba ɗaya, ka duba ko za a iya ɗora wannan a kan maɓalli guda da babban yatsanka zai kai gare shi kyamarar tana fuskarka.